Sunan da Aka Kankare

Sai da na yi wata bakwai a Khartum ina karatun ungozoma kafin na samu hutun kwana goma, kuma tun ranar da na sauka ƙasar na san abin da zan yi da shi. 'Yan ɗakinmu suka ce za su kasuwa sayen lalle da turaren wuta. Ni na ce za ni neman wata mata da ta bar Bakura da ƙafa tun ba a haifi ubana ba. Suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce, "Luba, ko dai zafin garin nan ya taɓa ki?" Na ce ya taɓa ni, ku dai ku sayo mini turaren.

Sunan matar Rabi'atu, ita ta haifi kakata, Inna Hauwa. A gidanmu na Maradun ba a ambatonta. Kowace shekara cikin Sha'aban muna sauke Alƙur'ani don mamatanmu. In an gama, sai Baffa Malam Usmanu, ɗan farin Inna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya buɗe tsohuwar gafakar da Inna ta gado daga gidan ubanta, ya ciro takardar zuri'a, ya karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya ana cewa amin. A tsakiyar takardar akwai wurin da aka kankare da wuƙa har ya kusa hujewa. In ya zo nan sai ya tsallake. Mu mata muna bayan zana, kuma duk shekara ina kallon Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, amma wurin nan yana mayar da ita yarinya. Abin yana ƙona mini rai tun ban san dalilinsa ba.

Dalilin kuwa ga shi. Inna tana da shekara huɗu ubanta ya rasu. Kakanta na wajen uwa, Malam Isa, makaho ne, ya ɗaura niyyar Hajji a ƙasa, ba shi da ɗa namiji, Rabi'atu ce 'yar jagorarsa. Dangin miji suka ce ta tafi in za ta tafi, amma yarinya tasu ce. Safiyar tafiya Inna tana tsaye bakin zaure, uwar ta wuce ta riƙe da sandar ubanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Bayan shekara biyu wasu alhazai suka kawo wasiƙa da ajami, rubutun hannun Rabi'atu. Ta gai da surukai kowa da sunansa, ta gai da maƙwabta, har tsohuwa mai daddawa ta bakin kasuwa ta samu gaisuwa. Babu Hauwa a ciki. Ranar ne kakan Inna na wajen uba ya ɗauki wuƙa ya kankare sunan.

Kafin in taho na tari Baffa da maganar. Na ce, "Baffa, ai Inna ɗiyar fari ce. Wace uwa ke kiran sunan ɗan fari a ƙasar nan?"

Ya ce, "Gaban mutane aka jin kunya, Luba. Wadda ta yi nisan wata shida, kunyar wa taka ji? Ko 'a gai da waccan' ba ta sa ba. A kankare na iske shi, ba ni mai da shi."

Na ce, "To ni za ni in tambayo ta."

"Kabari za ki tambaya?"

"In shi na samu."

Ya ce taurin kaina ne ya raba ni da mijina, na ce Allah ya sa ya kai ni inda za ni. Inna kuwa, wadda a lokacin idonta ya soma dushewa, ƙafa ma ba ta kai ta bakin rijiya, ta kama hannuna ta ce, "In kin iske ta manta ni, ki zo ki hwaɗa min gaskiya. Kar ki yi min ƙaryar jikoki." Ta ba ni turmin atamfa ta ce in ba duk wanda na samu na jininta. Ni da ita mun san ba lalle ta ga Sha'aban biyu a gaba ba.

Zango na farko Madani ne, wani gari kudu da Khartum, don wasiƙar ta ce, "muna Madani muna tsinkar auduga." Na hau bas da hoton wasiƙar a waya, da jakar tsaraba: atamfar Inna, daddawa, kuka, da kilishin da na yi wata bakwai ina hana cikina. Na sauka tasha rana tana tsaka, Larabcin aji na ya gudu ya bar ni, don abin da masu mota ke yi ba shi muka karanta ba. Ina cikin raba ido sai wani mai farar jallabiya ya ji na yi tsaki da Hausa, ya taho da murna.

"'Yar'uwa! Daga ina?"

Wayyo, bakina! Wata bakwai ban ji baƙo ya ce mini 'yar'uwa ba, sai na zazzage masa komai: Bakura, Rabi'atu, Malam Isa, tafiyar ƙasa. Ya dafa ƙirji ya ce la'ilaha illallahu, ai Rabi'atu ta Bakura ita ta haifi ubansa. Ya sa ni a keke mai ƙafa uku har wani gida a bayan gari, inda wani tsoho, wai shi ne ubansa, ke kwance kan gadon igiya. Suka yi ƙus-ƙus da Larabci, tsohon ya tashi zaune ya fashe da kuka. Ni ma na taya shi. Na buɗe jaka na juye musu tsarabar duka, kafin in ƙifta ido an shige da ita ciki, saura atamfa da tsohon ya rungume.

Da hawaye suka tsagaita na ce, "Baba, ba ni labarin kakanka Malam Isa."

Ya share ido ya ce, "Allahu akbar, mutumin kirki. Ga kaifin ido! Duk unguwar nan shi ke fara ganin watan azumi."

Na dube shi, na dubi mai jallabiya. Ashe duk surutuna na tasha ban ambaci makanta ba. Na miƙe na ce, "Makaho ne ke fara ganin wata a garinku? To Allah ya isa!" Na kama atamfar, tsohon ya riƙe, na fizga har ya kusa biyo ta ƙasa. Mai jallabiya ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi ya fara ji, ni zan bi bayansa. Na fito da atamfa a hammata. Kilishina kuwa har gobe ban yafe ba.

Da ƙafa na komo tasha. Na zauna gindin wata bishiya kusa da mai shayi, na yi kukan gaske, ba irin na gidan tsoho ba. Furar Maradun nake so, da muryar Inna tana yi mini faɗan ban rufe tukunya ba. Mai shayin ba Bahaushiya ba ce, ba ta tambaye ni komai ba. Ta miƙo mini zoɓo mai sanyi, ta tura mini kujerarta ita ta koma kan gwangwani. Da na natsu na haɗa mata 'yan kalmomin da nake da su, ta fahimta. Ta ce tsofaffin mutanenmu ba su nan, suna Mai Wurno, gaba da Sinnar, in na je in nemi mai ɗaura aure, don su ne ba su jefar da takarda. Na ciro abin da zan ba ta, ta ture hannuna ta harare ni kamar na zage ta.

A Mai Wurno na ji abin da ban zata ba. Tsofaffi suna Hausar Inna sak, "munka zo," "sunka tahi," a bakin kogin da bai san Zamfara ba. Aka nuna mini gidan wani dattijo, Malam Ɗahiru, wanda ya gaji daftarorin aure na ubansa cikin akwatin ƙarfe. Na yi sallama, na gaishe shi gaisuwa ta gida, gajiya da iyali da zafi da ibada, ya amsa duka da daɗin rai. Da na faɗi buƙatata sai fuska ta canza.

"Ina muharraminki?"

"Yana Maradun, Malam."

"Asirin auren mutane ba a buɗe ma mace mai yawo ita ɗai."

Na ce, "Wadda nika nema ma ita ɗai ta rage a ƙasar ga, kuma ubanka bai ƙi rubuta ta ba." Ya ce in tashi. Ban tashi ba. Na shimfiɗa gyalena a inuwar katangarsa na zauna har la'asar, matarsa ta ja ni ciki na kwana wurinta, gari na wayewa na koma mazaunina. Rana ta biyu, da ya fito za shi masallaci, na buɗe waya na soma karanta wasiƙar Rabi'atu da ƙarfi, tun daga bisimilla. Ya tsaya cak.

"Wa ya koya miki ajami?"

"Wanda ya ƙi karanta sunanta."

Sai ya ce wa matarsa a fiddo akwatin.

Kwana biyu muna juya takardun da gara ta ci gefensu, shi yana duba ɗaya ina duba ɗaya, yana yi mini faɗa in na lashi yatsa. Ni na gan shi. Rabi'atu ɗiyar Isa makaho, mutuniyar Bakura, bazawara, an ɗaura mata aure da Haruna masunci na ƙauyen tsallake, liman ne waliyyinta domin ubanta ya rasu a garin. Na sa hannu a kan layin na kasa ɗagawa. Karo na farko ke nan da na ga sunanta a takarda ba a kankare ba. Malam Ɗahiru ya juya kai gefe ya ce, "To, tashi kar ki jiƙa min daftari."

Da kwalekwale na haye, ina riƙe da gefensa ina salati, don ni ruwan da na sani bai wuce na madatsar Bakolori ba, shi ma daga nesa. Ƙauyen ƙarami ne, tambaya biyu ta kai ni gidan Haruna masunci. Shi ya daɗe da rasuwa, babban ɗansa Yusufu ma haka. Wadda ta rage ita ce autarsu, Hajja Nafisa. Tana fitowa daga ɗaki na tsaya ina kallon ta, don goshin Inna ne da wushiryar Inna suka taho gare ni cikin tufafin Sudan.

Ta karɓe ni hannu biyu, ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta girgiza kai a hankali.

"Ɗiyata, Umma mutuniyar Bakura ce, wannan gaskiya ne. Amma ba ta bar ɗiya can ba. Da ta bari da mun ji. Shekara arba'in ina tare da ita, ba ta taɓa hwaɗi ba."

Ta shiga ta ɗauko wani ɗan littafin addu'o'i da ya sha hannu, ta buɗe bangon baya inda Rabi'atu ta rubuta 'ya'yanta. Rubutun wasiƙar ne, ba ko tantama. Yusufu ne a farko, sai biyu da suka rasu suna ƙanana, sai Nafisa. A saman sunan Yusufu akwai fili kamar faɗin yatsa biyu, ba komai a ciki. Na duba gaba, na duba baya, babu Hauwa.

Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin na tsani Rabi'atu. Na ce a raina, ashe Baffa ya fi ni gaskiya, ashe wuƙar nan ba ta yi zalunci ba. Na soma tunanin yadda zan zauna gaban Inna in faɗa mata, tunda ta hana ni ƙarya. Atamfar tana kan cinyata, na rasa ko in bayar ko in koma da ita.

Sai Hajja Nafisa ta ɗaga murya ta ce, "Hauwa! Kawo ma baƙuwa shayi." Wata mata mai kamar shekara arba'in ta shigo da faranti. Hajja ta ga na bi ta da kallo, ta yi murmushi don ta sanyaya mini rai, ta ce, "Ɗiyata ce, takwarar kakarki ashe. Ubanta ya sa sunan. Umma kam har ta rasu ba ta taɓa kiran ta da shi ba. Ranar suna kuka ta yi ta yi, munka rasa dalili. Ta-gida taka ce mata."

Na ajiye kofin.

"Hajja, in wata Hauwa ta shigo gidan ga fa, maƙwabciya ko baƙuwa?"

"Sai ta ce 'ke wance.' Ko labarin annabawa taka ba mu, 'matar Annabi Adamu' taka cewa. Mun ɗauka ɗabi'arta ce."

"Yusufu fa? Yaya taka kiran shi?"

"Yusufu mana, gatsau. Har matan unguwa suna zunɗen ta, wai Bahausa ba kunya, tana kiran ɗan hwari da..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi littafin da ke buɗe a hannunta, ta dubi filin da ke saman sunan Yusufu, ta sa yatsa a kai. Sai ta buga ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ina da yaya, ban sani ba?" Muka rungume juna muna kuka, Hauwa tana tsaye da faranti ta rasa wa za ta rarrasa.

Shekara hamsin matar nan ta yi a ƙasar da babu suruki, babu wanda ya san ta taɓa haihuwa, babu mai kama ta in ta saki al'ada. Ta ɗauki zunɗen unguwa a kan Yusufu, ba ta yarda ta ba shi matsayin da ba nasa ba. Na tambayi abin da ya hana ta komawa. Hajja ta ce ba ta sani ba. Abin da ta sani, duk shekara in ayarin masu komawa yamma zai wuce, Umma takan kai musu ruwa bakin hanya ta tambayi ko akwai mutumin Bakura, ta dawo ta wuni ba ta magana. Ban samo mata uzuri ba, kuma ban ƙirƙira mata ba.

Da yamma aka kai ni kabarinta, tudun ƙasa ne da dutse biyu. Na yi mata addu'a, sannan na ce, "Ɗiyarki tana nan da rai, ta haifi bakwai, ba ta da lafiya amma bakinta garau." Na ba Hajja atamfar, ita kuma ta yi wa Inna magana a wayata, doguwa, rabi Hausa rabi kuka.

Da aka ba mu babban hutu, na iso Maradun saura kwana uku saukar Alƙur'ani. Gidan cike yake, don danginmu na Gidan Goga da 'yan bindiga suka tasa suna wurinmu, kowane ɗaki an kasa shi biyu. Na rufe ƙofa na kunna wa Inna saƙon. Ta ji sau uku. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Ta-gida," ta sake cewa, "Ta-gida," sannan ta ce in ba ta ruwa.

Baffa kuwa ya duba hoton daftarin, ya duba na littafin, ya miƙo mini wayar. "Fili ba rubutu ba ne, Luba. Murya cikin waya kuma ba shaida ba ce. Abin da magabata sunka yi ba ni warware shi don kin hau jirgi." Na ce to, mu haɗu ranar sauka. Ya ce in kiyaye shi. Na ce ina kiyaye shi tun ina shekara shida.

Ranar sauka da hantsi maza suka cika tsakar gida, mu muna bayan zana, an jingina Inna da bango. Aka kai ƙarshe, aka shafa. Baffa ya buɗe gafaka ya soma sunaye. Na san jerin kamar Fatiha, ina bin sa a zuci har ya iso wurin, ya ja numfashi zai tsallake. Sai na miƙe tsaye na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Da Rabi'atu ɗiyar Malam Isa!"

Ko amin ɗaya ba a ce ba. Wata gwaggona ta ja zanena tana cewa na shiga uku. Baffa ya ce daga can, cikin fushi, "Wace marar kunya ce wagga? A fitar min da ita!"

"Usmanu."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji ta. Mata suka dafe baki. Tunda aka haifi Baffa, shekara sittin da wani abu, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Inna. "Wancan" take cewa, ko "mai zaure."

Ta ce, "Usmanu, da kai nika. Tun randa na haife ka ban kira sunanka ba sai yau. Ko takarda anka rubuta min zuwa gare ka, ban bari a sa shi ba. Yar da kai na yi?"

Ta cikin hujin zana ina hangen Baffa, ya zura wa takardar ido.

"Ina tambayar ka. Yar da kai na yi?"

Ya ce, "A'a, Inna."

"To karanta sunan uwata."

Ya karanta. Muryarsa ta karye a tsakiya, ya sake daga farko, Rabi'atu ɗiyar Malam Isa, Allah ya jiƙanta. Amin ɗin da aka yi har maƙwabta sun ji. Da aka watse ya aiko a kira ni, na je ina jiran faɗa. Ya tura mini tawada da alƙalami bai dube ni ba, ya ce hannunsa ba ya tsayawa. Na rubuta sunan a kan kankararren wurin, takardar ta yi siriri har tawadar ta ɗan bazu, amma yana karantuwa.

Inna ta ga azumin shekarar, ba ta ga na gaba ba. Daga ranar sauka har ta koma ga Allah, ba ta sake kiran sunan Baffa ba.